Jirgin Arzika Marar Birki

Sau ɗaya tak Arzika ya taɓa shiga jirgin ƙasa, amma kunnuwanmu mu mutanen Tungar Maikoma sun ji jiki kamar shi ya ƙera shi. Bikin ɗan ƙanensa ne ya kai shi Kaduna, daga can aka ja shi Abuja a jirgi aka dawo da shi. Tun daga ranar ba mu sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Sahabi ba.

Kafin wannan tafiya Arzika matuƙin kwale-kwale ne, yana kwasar mutane da buhunan albasa daga tungayen bakin gulbi zuwa kasuwar Yawuri. Da injinsa ya mutu sai ya ce ba zai gyara ba, wai aikin ya yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan. Kwale-kwalen yana nan kife a gindin tsamiya, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Abin da ke riƙe da gidan shi ne injin markaɗen matarsa Laraba, wanda ta saya da ɗan gadon mahaifiyarta. Da ƙarar injin nan tungar ke tashi da safe, da shi ake ɗora tukunya a gidan Arzika, da shi kuma 'yarsu Yasira ke zuwa makaranta a Yelwa.

"Ku ba ku san duniya ba," in ji Arzika wata safiya, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa benci. "Na aje kohin shayi cikin jirgin ga, ko ɗigo bai zuba ba. Na leƙa taga nig ga wani ƙauye, kahin in tambayi sunanshi mun wuce ukku."

"Jiya biyu kac ce," in ji Sahabi yana fifita wuta.

"Jiya ban so in tsorata ku ba. Kuma wanga ba komi ba ne. Akwai wanda aka yi ƙasashen waje, in ka yi atishawa Yawuri, sai Legas za a ce maka yarhamukallahu."

Abin haushin shi ne, in ka tace surutun Arzika, akwai gaskiya kwance a ƙasansa. Mu muka san yadda albasarmu ke ruɓewa a bayan mota a hanyar Kontagora, direba na ƙarƙashin mota yana zagin ramuka. Mu muka san yadda kwandon busasshen kifi ke barin nan da mutuncinsa ya isa Kudu ya zama gari. Duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda a wannan hanya bai buƙatar a yi masa wa'azin layin dogo. Da wani ne ke wannan magana da mun ɗaga shi sama. Sai Allah ya sa a bakin Arzika ta faɗo.

Ana nan sai rediyo ya ce an kafa wani kwamiti da zai zagaya jin ra'ayin jama'a a kan shimfiɗa layin jirgi mai gudun gaske, kuma za su biyo ta ƙasar Yawuri. Arzika ya miƙe har yana zubar da shayin wani.

"Manyan ga ba su jin magana, sai sun gani da ido. Kowane gari za su tahi, roƙo za a yi musu. Mu jirgi za mu nuna musu, shina tahiya. In sunka hau sunka ji iska, wallahi da kansu za su ce dogo ta nan za shi bi."

"Wa za shi ƙera jirgin?" in ji Sahabi.

Arzika ya dube shi da tausayi. Daga ranar ya ce a riƙa kiransa Injiniya.

Matsalar farko fili. Ba wanda ya yarda a bi ta gonarsa, har Maigari da ya fi kowa gyaɗa kai. To amma lokacin bazara ne, ruwan tafkin da gulbinmu ke malala ciki ya ja baya kamar yadda yake yi kowace shekara, ya bar fili shimfiɗe tun daga bakin tunga har inda ido ke gajiya. Filin na kowa ne, kuma gangare ne zuwa ruwa. Arzika ya ce gangaren nan kyauta ce daga Allah, don ko a ƙasashen waje gangare suke nema. Da aka tuna masa cewa ruwa zai dawo da damina, sai ya ce kafin nan kwamiti ya zo ya tafi, shi kuma yana ofis.

Ya bi gida-gida ya tattaro tsofaffin gadajen ƙarfe da bututun famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. Ya sassare dogon yaro ya jera a ƙasa. Elijah mai walda, wanda ke da rumfa kusa da coci, shi ya ɗauki aikin haɗa ƙarafan, ba don ya yarda da abin ba, sai don ya ce bai taɓa samun aikin da ke ba shi dariya haka ba. Aka kafa alluna huɗu na murfin duro a bakin layin. Na sama kusa da tsamiya an rubuta Yawuri, sai Kontagora, sai Minna, na can ƙarshe kusa da ruwa Abuja.

Jirgin kansa kuwa tsohon kwale-kwalen ne. Aka kori kaji, aka birkice shi, aka samo ƙafafun babur da aka cire wa taya. Arzika da hannunsa ya huda cikin kwale-kwalen don a ɗaure su.

"Injiniya, ka huda jirgi hwa," in ji Elijah.

"Ya gama da ruwa har abada. Ya samu ƙarin girma."

"To ina za mu sa birki?"

"Mi?"

"Birki. Abin tsayawa."

Arzika ya yi dariya har da riƙe ciki. "Elijah, tun kana rarrahe nika tuƙi bisa gulbin ga. Ka taɓa ganin jirgi da birki? Inji aka kashewa tun daga nesa, jirgi shi lallaɓo da kainai, yashi shi tare shi. Birki na matsorata ne da 'yan acaɓa."

"Wancan ruwa na, wanga ƙarhe."

"Jirgi dai jirgi na."

Aka yi gwaji ba inji. Samari suka tura, kwale-kwalen ya gangara a hankali yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ya wuce Kontagora, ya wuce Minna, ya je Abuja ya soka hanci cikin tudun yashin da Arzika ya tara a ƙarshen layi, ya tsaya cak. Arzika ya sauko yana kaɗe riga.

"Ina mai neman birki? Ga ya nan, Allah ya zuba muna shi kyauta."

Saura inji, kuma kowa ya san inji ɗaya ne a tungar. Arzika ya sami Laraba tana markaɗa wa mata wake.

"Laraba, tarihi na ƙwanƙwasa ƙohwar gidan ga."

"Ka ce mishi ina aiki."

"Injin ga nika so aro."

Ta kashe injin, ta share hannu a zane. "Baban Yasira, in kana son raina ka ɗauka, shi ya hi sauƙi. Wanga abu da gumin da Inna ta bar min nis saye shi. In yat tsaya yini guda, wuta ba ta kamawa gidan ga."

"In dogo ya zo, kamhwanin markaɗe za ni buɗe miki. Da hwanka."

"Hwankar da kac ce za ka sawo min tun ina amarya?"

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo har sai da ya ji ƙamshin miya. Daga baya ya kwaso Maigari da dattawa suka zo suna ce mata abin na ci gaban al'umma ne. Kunyar furfura ta kama ta, amma ba ta bari ta rufe mata baki ba.

"Baba Maigari, tun da kun taka ƙahwa kun zo, na ba da. Amma ranar da baƙin sunka zo kawai, ba gwaji ba komi. Kuma ku shaida: in wani abu ya samu injin ga, duk macen da ta kawo markaɗe, shi za shi durƙusa bisa dutse shi niƙa mata da hannunai, har ran da inji ya dawo."

Arzika ya buga ƙirji. "Na yarda! Ku ƙara da daka ma."

"Mun ƙara," in ji Laraba.

Sai aka shiga jiran kwamiti. Ranar farko da aka sa, aka ce shugaban ya tafi Umra. Kafin ya dawo, mata sun gano cewa ba abin da ya kai layin dogo daɗin shanya, tun daga Yawuri har Minna zannuwa ne da kifi. Wani ya shuka wake tsakanin ƙarafan. Shanun Fulani da ke gangarowa shan ruwa suka tanƙware Kontagora, gara kuma ta kama aikinta a itacen dogon yaro ba tare da jiran kwamiti ba. Arzika ya wuni yana kora da gyara, har muryarsa ta dushe.

Rana ta biyu aka ce shugaban yana aurar da 'ya. Hadari ya fara haɗuwa, gulbi ya fara motsi. Wata safiya Arzika ya iso teburin shayi ya tarar Sahabi ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Injiniya, sai haƙuri. Abuja ta nutse."

Gaskiya ne. Kan allon kawai ake gani, wani tsuntsu na zaune a kai. Tudun yashi kuwa ko alamarsa.

"Ba komi," in ji Arzika. "Minna za mu tsaya. Dama Abuja cunkoso gare ta."

Rana ta uku kwamiti ya taso da gaske, amma motocinsu suka maƙale a hanya saboda lalacewarta, suka juya. Mutanen da za su zo su ji ko muna buƙatar dogo ke nan. A wannan makon Minna ta bi Abuja. Yara suka koma kama tarwaɗa a tashar.

Da ranar ta zo a ƙarshe, shugaban bai zo ba, mataimakinsa bai zo ba. Wanda ya sauko daga mota wani Malam Sulaiman ne, wakilin sakataren kwamiti, cikin farar babbar riga mai sitati da hula mai tsini, yana toshe hanci saboda ƙarnin kifi. Mu dai muka karɓe shi kamar shi ne gwamnati. Mutane sun zo daga Wara, daga Shanga, wasu a kwale-kwale daga tsibirai. An kafa rumfar haya a tashar Kontagora, wadda yanzu ita ce ƙarshen duniya, taku kaɗan tsakaninta da ruwa. A ƙarƙashinta aka zaunar da dattawa da makaɗa da ƙwaryar fura.

Laraba da kanta ta rako injin, ta tsaya har Elijah ya ɗaure shi a bayan kwale-kwalen ya sa bel. Ta shafa shi kamar mai sallamar ɗa.

Arzika ya yi jawabi, kuma wallahi jawabin ya yi kyau. Ya yi maganar albasa, ya yi maganar kifi, ya yi maganar matan da ke haihuwa a bayan mota. Har wata tsohuwa ta share hawaye. Malam Sulaiman yana ta duba waya. Sannan aka loda buhunan albasa da kwandon kifi don a nuna amfanin abin, aka ɗora Maigari, aka ɗora baƙo a kan kujerar roba a tsakiya.

"Elijah, hau mana, aikinka na," in ji Maigari.

"Don aikina na shi ya sa ba ni hawa, ranka shi daɗe."

Sahabi ya matso kusa da Arzika. "Injiniya, birkinka na cikin ruwa hwa."

"Kai dai tsaya ga shayi. Tun daga nesa za ni kashe inji, shi lallaɓo shi tsaya gaban rumhwa kamar amarya."

Ya ja igiya, injin ya tashi da ƙarar da muka saba ji, har wasu mata suka waiga neman robar markaɗensu. Bel ya kama. Jirgin ya yi tsalle ɗaya, hular Malam Sulaiman ta koma Yawuri ita kaɗai.

Jama'a, abin ya yi gudu. Duk wanda ya ce bai yi gudu ba hassada ce. Inji na turawa, gangare na ja, buhunan albasa na ƙara nauyi. Yara suka bi shi suka gaji. Arzika na tsaye a baya, riga na kaɗawa, yana ɗaga wa mutane hannu yana ihu, "Kun gani? Kun gani?"

"Malam direba, ya isa haka!" in ji Malam Sulaiman, ya rungume buhun albasa. "Na gamsu! A tsaya!"

"Yanzu kuwa, ranka shi daɗe."

Arzika ya kashe inji cikin isa, ya harɗe hannu yana jiran jirgi ya lallaɓa. Jirgi bai san da wannan al'ada ba. Shirun da ya biyo baya ma sai ya sa aka ji yadda ƙafafun ke ƙara sauri.

"Taka birki!" in ji baƙo.

"Ba mu aiki da shi nan."

"Ba ku me?"

Arzika ya zaro gorar tuƙi ya soka a ƙasa kamar yadda yake yi a tasha. Gorar ta karye biyu, rabin ya tashi ya sauka cikin makaɗa. Sai ya koma ga dabara ta ƙarshe da kowane matuƙi ya sani, ya ɗauki dutsen nan mai igiya da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, ya wurga. Daidai lokacin suna shiga Kontagora. Dutsen ya naɗe ƙafar rumfa. Rumfar ta tashi daga kan dattawa ta bi jirgi, fura ta bi dattawa, mai kalangu ya faɗa kan mai ganga. Jirgi ya wuce tasha da rumfarsa a baya ya shiga ruwa.

Da a ce kwale-kwalen na nan yadda Allah ya yi shi, da ya ɗaga ya yi iyo, an tashi da dariya kawai. Amma mai shi ya huda shi da hannunsa. Ƙafafun suka ci gaba da bin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, mu kuma muna tsaye muna kallon fasinjoji suna raguwa. A Minna ruwa ya kai musu ƙugu. Kafin Abuja ya kai wuya, Maigari na salati, Malam Sulaiman ya ɗaga waya sama da hannu ɗaya. A Abuja layi ya ƙare, inda ƙasa ke zarcewa cikin tsohon kwarin gulbi. Kwale-kwalen ya ɗaga hanci sama, ya tafi da baya, wajen da inji yake.

Masunta suka fidda mutane ɗaya bayan ɗaya. Albasa ta bazu a kan ruwa, yaran tsibiri suka yi ta kwasa. Aka shimfiɗe Malam Sulaiman a kan yashi, babbar riga ta manne masa, sitati ya koma kunu. Arzika, yana tsiyayar ruwa, ya durƙusa kusa da shi.

"Ranka shi daɗe, amma dai ka ji gudu ko?"

Baƙon ya tofar da ruwa, ya dube shi, ya dubi tafki. "Na ji. Zan gaya musu mutanen nan Allah ya hore musu ruwa, ba su da buƙatar dogo."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ya shiga mota a jiƙe, ko hularsa bai tsaya nema ba.

Laraba kuwa ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta shiga ruwa har gwiwa ta tsaya tana kallon inda kumfa ke tasowa. Masu nutso suka yi ta shiga har rana ta karkata, laka ta riga ta haɗiye injin. Bel kawai suka fito da shi. Ta karɓa, ta matse ruwan, ta rungume shi a ƙirji tana kuka a hankali tana kiran Innarta. Ni dai ban taɓa jin kunyar zama namiji a tungar nan kamar ranar ba, don har da mu aka je roƙonta.

Washegari tungar ta tashi ba ƙarar inji. Da hantsi sai ga mata sun yi layi a ƙofar gidan Arzika da robobinsu, har da waɗanda ba su taɓa kawo markaɗe ba, har da wata da ta taso tun daga Wara da ɗan waken da bai cika kofi ba. Maigari, yana atishawa, ya aiko a tuna wa Injiniya cewa dattawa sun shaida. Aka fiddo dutsen niƙan Inna daga bayan rumbu, aka wanke, aka ajiye a tsakar gida inda kowa zai gani ta zaure. Bel ɗin yana rataye a ƙusa a samansa.

Har yau albasarmu a hanyar Kontagora take ruɓewa, kwamiti kuma an ce yana nazari. Amma in ka bi ta ƙofar gidan da safe za ka ga Injiniya a durƙushe, gaba, baya, gaba, baya, gumi na ɗiga, yana gaya wa matan da ke layi cewa kuskure ɗaya kawai aka yi, yashin ne bai kai yawa ba. Ranar da na leƙa na tarar ya saki dutsen ya dafe ƙugu yana haki.

"Laraba, bari in ɗan tsaya in huta."

Tana zaune a kan turmi tana tsince wake. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta tura masa roba ta gaba da ƙafa.

"Tsayawa kuma, Baban Yasira? Ai birki na matsorata ne."